Raunin Da Ba Ya Zub Da Jini: Hakkin Tsohon Soja Mai Ciwon Huhu

Duk wanda ya saba fita sallar asuba a Zangon Agege cikin watan Disamba ko Janairu, sa'ad da hazon Arewa ya gangaro har bakin teku, ya san irin tarin da ake nufi a nan. Tari ne mai zurfi wanda yakan fito daga rumfar wani mai gadi ko daga sahun baya na masallaci, ya riƙe mai shi har sai ya dafa bango, idonsa ya yi ja, sa'an nan ya sake shi yana haki kamar wanda ya yi tsere da doki. Idan gari ya waye aka dubi mai tarin, sau da yawa sai a tarar dattijo ne wanda har yanzu kafaɗarsa a miƙe take, gaisuwarsa gajera, takalminsa kuwa ko ya tsufa a goge yake. Ba sai an tambaya ba, tsohon soja ne. Akwai irinsa a Agege, akwai su a Idi-Araba da Obalende da Alaba Rago, haka kuma a Sabo ta Badun da ta Shagamu. An sallame su a Kudu, suka ga komawa gida hannu rabbana abin kunya ne, suka kama gadi ko ɗan tireda, shekaru suka yi ta tafiya har Ikko ta zama gida.

Wannan dattijo ƙafarsa biyu, hannunsa biyu, ba shi da tabon harsashi da zai ɗaga riga ya nuna. Amma ba ya iya hawa gadar ƙetare titi ba tare da ya tsaya sau uku ba, ba ya iya ɗaukar bokitin ruwa daga famfo zuwa ɗaki, kuma mai gidan da yake yi wa gadi ya fara ƙorafin cewa tarinsa yana hana yara barci. A wajen aiki ya zama naƙasasshe, a takardar gwamnati kuwa lafiyayye ne wanda aka sallama lami lafiya. Idan ya nemi a ƙara masa fenshon naƙasa aka hana shi, ko kuwa aka yi shiru da takardarsa, wanda shi ma hani ne, sai tambaya ta taso: wurin wa zai ɗaukaka ƙara, kuma wane ne ya wajaba ya kawo shaida, shi ko gwamnatin da ta ɗauke shi aiki?

Kafin a amsa, ya kamata mazauna waɗannan unguwanni su tuna cewa maganar soja a Ikko tasu ce tun asali. A shekarar 1863 ne Laftanar John Glover ya tara 'yan Arewa ƙalilan a nan Ikko ya kafa rundunar da aka riƙa kira Hausawan Glover, kuma daga wannan ɗan iri ne Rundunar Sojan Nijeriya take ƙirga shekarunta. Unguwar Obalende da sojoji ta kafu. Sunayen barikokin garin nan, Dodan da Myohaung da An da Arakan da Tamandu, duk sunayen wurare ne a ƙasar Bama inda runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma suka gwabza da Japanawa a Yaƙin Duniya na Biyu, kuma da Hausa ake ba da oda a cikin yawancin bataliyoyin Nijeriya na lokacin. Sa'an nan yaƙin basasa ya zo, daga ran 6 ga watan Yuli 1967 zuwa ran 15 ga watan Janairu 1970, aka faɗaɗa rundunar daga mutum wajen 10,000 zuwa kimanin 250,000 cikin wata talatin. Samarin da aka kwasa a wannan gaggawa, wanda ya shiga yana ɗan shekara 18 yau ya haura 70. Bayansu ga 'yan ECOMOG da aka tura Laberiya a 1990, daga baya Saliyo, ga waɗanda suka je Darfur, ga kuma ɗimbin waɗanda suka yi ta kai da kawowa a Borno da Yobe tun 2009. Kowane ayari yana sallamo nasa tsofaffin, kuma wani kaso daga cikinsu a nan Kudu suke yada zango.

Ƙa'idar fenshon naƙasa, wadda aka gada daga Ingila, a kan tambaya biyu take tsaye. Ta farko, kashi nawa cikin 100 na ƙarfin jikin mutum ya tafi? Ta biyu, aikin soja ne ya jawo raunin, ko kuwa ya tsananta shi? Kwamitin likitocin soja ne yake amsa duka biyun. Ga wanda ya bar ƙafarsa a bakin kogin Kwara lokacin da runduna ta biyu take ƙoƙarin ƙetarawa Anacha a watan Oktoba 1967, amsar ba ta da wuya, gama an san ranar, an san wurin, dungulmin kuma yana nan kowa na gani. An tsara ƙa'idar ne domin irin wannan rauni, mai rana da wuri da jini.

Ciwon huhu ba haka yake shigowa ba. Cutar da likitoci ke taƙaita sunanta da COPD, watau toshewar hanyoyin numfashi mai daɗewa, a hankali take cin mutum kamar yadda gara ke cin azara. Hayaƙi da ƙura suna kumbura 'yan ƙananan hanyoyin iska, majina ta yi yawa, 'yan jakunkunan da iska ke shiga jini ta cikinsu su yage su saki, har ya zama shaƙar iska da sauƙi amma fitar da ita sai da wahala. Allah ya yi huhu da rara mai yawa, saboda haka mutum yakan yi asarar babban rabo daga cikinta kafin ya fara jin wani abu. Yakan ɗauki shekara 20 ko 30 kafin hakin ya bayyana, kuma abin da ya lalace ba ya komowa, sai dai magani ya sassauta, ya rage saurin lalacewar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wannan cuta ta kashe mutum fiye da miliyan 3 a shekarar 2019 kaɗai, kuma kusan kashi 90 cikin 100 na waɗanda take kashewa kafin su kai shekara 70 a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin hali suke. Akwai kuma 'yar uwarta da aka fi sani a nan, watau tabon da tarin fuka ke bari. Mutum ya sha magani wata shida, a auna a ce ƙwayar cuta ta mutu, a rubuta ya warke, alhali kuwa huhun ya riga ya tattare, numfashinsa ba zai koma kamar da ba har abada. Ɗakin kwanan kurata a bariki, inda mutum da yawa ke kwana kai da ƙafa, wuri ne da tarin fuka ke jin daɗin yaɗuwa.

Abin da soja ke shaƙa a bakin aiki kuwa ba ɓoyayye ba ne. Wanda ya yi shekara uku ko huɗu a yankin Tafkin Chadi ya zauna ne inda iska ke kawo ƙurar ƙwarin Bodele, wanda masana ke lissafawa cikin wuraren da suka fi ko'ina tayar da ƙura a duniya, yana bin ayarin motoci a kan burji, ƙurar ta gaba tana shiga hancin na baya. Direban tanka da makanikin bariki suna wuni cikin hayaƙin gas. Mai dafa abincin kamfani yana tsaye a kan murhun itace daga asuba har dare, shekara da shekaru. Ɗan igwa yana shaƙar hayaƙin albarushi. Wanda aka tura rafukan Neja Delta aka ce ya cinna wa haramtattun matatun mai wuta, shi ne mutum na farko da baƙin hayaƙin ke bi ta kansa kafin ya isa Fatakwal, inda tun ƙarshen 2016 jama'a suka fara tashi da safe suna tarar da baƙin toka a kan shimfiɗa da cikin hancin 'ya'yansu. In mutanen gari da ke nesa suka koka har suka yi zanga-zanga, ina ga wanda ya riƙe ashanar?

To, ga dattijo ya zo bayan shekara 25 da sallama yana cewa aikin soja ne ya cinye masa huhu. Akawu zai dube shi da ladabi ya ce, "Baba, ina takardar likita ta lokacin da kake aiki, wadda ta nuna ka fara wannan ciwo?" Babu ita, domin lokacin bai fara ba, ko kuwa ya fara amma ya je ɗakin shan magani aka ba shi ruwan tari ya koma fareti, don kuwa sojan da ya cika zuwa wurin likita sunan rago yake samu. "To, Baba, ina shaidar wuraren da aka tura ka?" Wannan tana cikin fayil, fayil kuwa ba a hannunsa yake ba. Ofishin ajiye bayanan sojan ƙasa yana Lakwaja. Hukumar Fenshon Sojoji tana Dutsen Alhaji a Abuja, tafiyar fiye da kilomita 700 daga Agege. Katin asibitinsa, in yana nan, ko yana asibitin soja na 68 da ke Yaba, ko na 44 da ke Kaduna, ko wani ɗan asibitin bataliya da aka daɗe da tashinsa. Gwamnati ce ta auna shi ran da ta ɗauke shi ta ce lafiyarsa ƙalau, ita ta san inda ta aike shi, ita take riƙe da kowace takarda, amma shi ake ce wa ya kawo hujja. Wannan shi ne a ɗaure mutum a ce ya yi rawa.

Hanyoyin da ke gabansa idan an ƙi shi ba su da yawa, kuma kowace da ƙayarta. Zai iya rubuta takardar koke ta bi matakan soja zuwa sama, watau ya kai ƙarar hukuncin gidan ga masu gidan. Ba a ce hafsoshin da ke duba irin wannan takarda azzalumai ne ba, da yawansu ma 'ya'yan bariki ne da suka san zafin abin. Sai dai ko a kotun alƙali ta ƙauye ba a yarda mutum ya zama shi ne wanda ake ƙara kuma shi ne mai yanke hukunci ba. Akwai Hukumar Sauraron Koke-koken Jama'a da aka kafa a 1975, amma dokar da ta kafa ta ta ɗaure mata hannu a kan abin da aka yi wa soja a ƙarƙashin dokar soja. Saura Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda gyaran tsarin mulki na 2010 ya ba ta ikon shari'ar fensho da garatuti, kuma tana da zama a Ikoyi. Wannan ci gaba ne na gaske. Amma kotu sai da lauya, lauya sai da kuɗi, shari'a kuma sai da shekaru. Bugu da ƙari lauyan gwamnati ya saba jawo tsohuwar dokar nan mai kare ma'aikatan hukuma, wadda ta ce a shigar da ƙara cikin wata uku, kotuna kuwa sun sha bamban a kan ko ta shafi hakkin ma'aikaci ko ba ta shafa ba. Wata uku, ga cutar da ke ɗaukar shekara 30 kafin ta nuna fuskarta!

Abin da ya fi ba da mamaki shi ne Nijeriya ta riga ta amince da hujjar nan, sai dai ta amince da ita ne ga farar hula. Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta jera cututtukan da sana'a ke jawowa, har da na huhu waɗanda ƙura da hayaƙi ke haddasawa, domin kada a bar lebura shi kaɗai yana fafitikar tabbatar da abin da ilimin likita ya daɗe da tabbatarwa. Amma dokar ta fito fili ta ce ba ta shafi sojoji ba, sai farar hular da ke aiki a cikinsu. Dalilin dai shi ne soja yana da nasa tsarin dabam, kamar yadda aka fitar da shi daga fenshon karo-karo a 2011. Babu laifi a ware soja, in dai warewar ta fifiko ce. Amma in leburan ma'aikatar siminti yana da jerin cututtuka da doka ta san da su, shi kuwa kofur ɗin da ya shaƙi ƙurar Baga da Malam Fatori sai ya fara daga tushe, to an ware shi ne zuwa baya.

Sauran ƙasashe sun bi ta wannan turba, kuma ba alheri ne ya sa suka gyara ba, matsin tsofaffin sojojinsu ne. Ingila ta kafa kotunan ɗaukaka ƙarar fenshon yaƙi tun 1919, masu zaman kansu, ba a ƙarƙashin ma'aikatar da ke biya ba. A irin wannan kotu mutum uku ke zama: masanin shari'a, da likita, da wanda ya taɓa sa kaki. A 1943, ana tsakiyar yaƙi, jama'a suka matsa da cewa wanda aka ga ya isa a ɗauka aikin soja ya isa a ba shi fensho, sai aka juya nauyin kawo shaida. A tsarin fenshon yaƙi na can, wanda ya nemi hakkinsa cikin shekara 7 da barin aiki, gwamnati ce za ta tabbatar ba aikin ne ya jawo masa ciwon ba. Wanda ya zo bayan haka kuma, ya ishe shi ya kawo shaida mai ƙwari da za ta sa kokwanto, in kokwanto ya samu a ba shi gaskiya. Abin takaici, wannan gyara an yi shi ne a daidai shekarun da 'yan Kano da Zazzau da Sakkwato ke cikin dajin Bama a ƙarƙashin tutar Ingilar nan.

Amurka kuwa labarinta na jiya-jiya ne, kuma a kan huhu yake. A Iraƙi da Afganistan sojojinta sun riƙa ƙona sharar sansani a manyan ramuka, robobi da tayoyi da batura da magunguna, ana zuba musu man jirgi. Samari suka komo gida suna haki. Shekara da shekaru ma'aikatar tsofaffin sojoji tana ƙin fiye da kashi 70 cikin 100 na masu neman diyya a kan wannan hayaƙi, da hujjar nan dai ta akawu: kawo shaida. Sai ran 10 ga watan Agusta 2022 Shugaba Joe Biden ya sa hannu a dokar PACT, wadda aka sa wa sunan wani saje, Heath Robinson, da sankarar huhu ta kashe. Dokar ta jera ƙasashe da shekaru, ta jera cututtuka fiye da 20, cikinsu har da COPD da fuka da ta kama mutum bayan aiki da tattarewar huhu, ta ce duk wanda ya yi aiki a can a wannan lokaci kuma ya kamu da ɗaya daga ciki, a ɗauka aikin ne sanadi. Takarda biyu ke nan kawai: ta inda aka tura shi, da ta likita.

'Yan uwa na Maraɗi da Damagaram da Tawa da ke zaune a Agege su ma suna da nasu darasin daga kakanninsu da suka yi wa Faransa yaƙi. A 1959 Faransa ta daskarar da fenshon tsofaffin sojojin ƙasashen da ta mallaka, na Bafaranshe yana hawa nasu yana tsaye. Wani tsohon saje ɗan Sanagal, Amadou Diop, ya kai ƙara, babbar kotun harkokin mulki ta Faransa ta ba shi gaskiya ran 30 ga watan Nuwamba 2001, amma ya riga ya rasu tun 1996. Ba a daidaita kuɗin gaba ɗaya ba sai a farkon 2011, lokacin da yawancin masu hakkin suna kushewa. Gwamnatin da ke bin tsoho da jinkiri ta san lissafin da take yi, kuma mai ciwon huhu ya fi kowa ƙarancin lokacin jira.

Akwai masu cewa in aka buɗe wannan ƙofa kowane tsoho mai tari zai shigo, kuma maganarsu ba ta banza ba ce. Taba ita ce babbar mai jawo COPD a duniya, kuma kowa ya san yadda sigari ya zauna a bariki. A Yaƙin Duniya na Biyu ma cikin guzuri ake raba shi. Iskar Ikko kanta ba ta raga wa kowa ba. Mai gadin da ya yi shekara 20 yana kwana kusa da janareta, yana jin ɗumi da gawayi a rumfar da ba taga, yana shaƙar hayaƙin cunkoson motocin Pen Cinema, ba zai rantse cewa duk laifin na kaki ne ba. Har ila yau an sha fama da 'yan fenshon bogi, shi ya sa ake ta tantancewa. Amma duk wannan hujja ce ta a tsara abin da kyau. Ɗauka cewa aiki ne sanadi ba ta hana gwamnati ta kawo tata shaidar ta rushe ɗaukar ba, in tana da ita. Ƙa'idar ma tun asali ta haɗa da ciwon da aiki ya tsananta, ba wanda ya haifar kaɗai ba. Kuma ciwon huhu yana daga cikin cututtukan da ƙarya ba ta da sauƙi a kansu, domin akwai na'urar auna numfashi. Mutum zai cika ƙirjinsa ya busa da iyakar ƙarfinsa, na'urar ta auna iskar da ta fita a daƙiƙar farko ta gwada da dukan wadda ta fita. In bayan an shaƙa masa maganin buɗe ƙirji ta farkon ba ta kai kashi 70 cikin 100 ba, hanyoyin sun toshe. Awon ba ya cin rabin sa'a, ba allura, ba jini, na'urar kuma ana iya sa ta a jaka. Batun kuɗi kuwa, wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Wani zai ce ai an sa tsofaffin sojoji cikin inshorar lafiya ta ma'aikatar tsaro, suna iya zuwa asibiti. Madalla da wannan, kuma duk wanda bai yi rajista ba ya yi. Sai dai magani dabam, diyya dabam. Maganin shaƙa yana buɗe ƙirji, ba ya biyan kuɗin haya ran da mai gida ya ce, "Baba, ka huta haka nan, mun sami yaro." Fenshon naƙasa an yi shi ne domin ya maye gurbin ƙarfin neman abinci da ya tafi. Su kansu ƙungiyoyin mazan jiya, waɗanda suka tare ƙofar Ma'aikatar Tsaro a 2022, suka rufe ta Ma'aikatar Kuɗi a Abuja a watan Disamba 2024 da Janairu 2025, bashin ƙarin fensho da alawus ne ya fi cika musu baki, kuma suna da gaskiya, gama sashe na 173 na tsarin mulkin 1999 ya ce a sake duba fensho duk shekara biyar ko duk sa'ad da aka ƙara albashi. Amma mai ciwon huhu ba ya cikin masu kwana a ƙofar ma'aikata, ba ya iya tafiyar, ba ya iya ɗaga murya. Ya kamata waɗanda ke da numfashin yin magana su sa tasa buƙatar cikin takardarsu.

Kafin doka ta canja akwai aikin da ya rataya a wuyan jama'ar zango, kuma ba a fafe gora ran tafiya. Fadar Sarkin Hausawan Agege da takwarorinta na sauran unguwanni sun san kowane tsohon soja da ke ƙarƙashinsu, sun san wanda ya daina zuwa jam'i saboda haki. Rubuta sunayensu da lambarsu ta soja da bataliyarsu da wuraren da suka yi aiki ba ya bukatar izinin kowa. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ikko a tsakiyar Idi-Araba yake, na jihar kuma yana Ikeja, maƙwabciyar Agege. Kuɗin mota da na awon numfashi ga dattijo goma bai kai abin da 'yan kasuwar shanu ta Oko-Oba ke kashewa a walima ɗaya ba. Hoton ƙirji kaɗai ba ya wadatarwa, a nemi awon busawa, a karɓi sakamakon a rubuce da sa hannun likita. 'Ya'yan zango da suka yi karatun lauya, da Hukumar Ba Da Taimakon Shari'a da aka kafa tun 1976, su taimaka a rubuta koke, a nemi kwafin fayil a ƙarƙashin Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011, a riƙe shaidar ranar da aka miƙa kowace takarda, kada kuma a saki takardar sallama ta asali a hannun kowa. Wanda yake cikin kaki yanzu, musamman mai dawowa daga Arewa maso Gabas ko rafukan mai, ya nemi a rubuta kowane tari a katinsa, ya nemi a auna numfashinsa kafin sallama, ko da abokai za su yi masa dariya.

Babban aikin dai na Majalisar Tarayya ne, kuma 'yan majalisar da ke zuwa zango neman ƙuri'a su ne za a tare da shi. A gyara dokar fenshon sojoji a sa jerin fagagen aiki da shekarunsu, da jerin cututtukan huhu, yadda wanda ya cika sharaɗin biyu za a ɗauka aiki ne sanadi sai in gwamnati ta tabbatar da akasin haka. A wajabta awon numfashi ran ɗauka da ran sallama, domin a sami abin gwadawa. In fayil ya ɓace a hannun hukuma, asarar ta hau kan hukuma, a karɓi rantsuwar mai ƙara da shaidar abokan bataliyarsa biyu. A cire wa'adin wata uku daga irin wannan ƙara, a kuma sa wa ofis nasa wa'adin, in ya wuce bai amsa ba a ɗauka ya ƙi, ƙofar ɗaukaka ƙara ta buɗe. Sa'an nan a kafa kotun ɗaukaka ƙara mai zaman kanta, da alƙali da likitan ƙirji na farar hula da tsohon soja wanda ba hafsa ba, a saurari mutum da harshen da yake ji, ba kuɗin shiga, ba tilas sai da lauya, in ya rasu kafin hukunci matarsa ta gaji ƙarar.

Kotun nan kuma ta riƙa zagayawa, kada a kafe ta a Abuja a ce mai haki ya hau motar dare ya same ta. Kowace shekara ran 15 ga watan Janairu ana ajiye furanni, ana sakin tantabaru, ana sayar da bajon tunawa da mazan jiya, a daidai makon da hazo ya fi tsananta tarin waɗanda suka rage. Wurin zaman farko ba abin nema ba ne. Cibiyar sake tsugunar da sojoji tana nan a Oshodi, inda aka kula da naƙasassun yaƙin basasa, tana da ɗakuna da kujeru, kuma daga Agege mota ɗaya ce.